Camry 2015 ko 2018: shin motar da ke taka birki da kanta ta cancanci ƙarin kuɗin a hanyoyinmu?

Ƙanena malamin makaranta ne a Daura, iyalinsa kuma suna Katsina, bayan Ƙofar Ƙaura. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kamo hanya ta Mashi, ranar Lahadi da la'asar ya koma. Shekara shida yana wannan kai da kawo a wata Peugeot 406 da ta ga jiya ta ga yau. Da aka sayar da wata gonarmu ta gado aka ba kowa rabonsa, sai ya kira ni da dare.

"Yaya, na ga motoci biyu wajen wani dila, duk Camry. Guda 2015, guda 2018. Ya ce mani ta 2018 ɗin tana ganin hanya, har birki take takawa da kanta. Amma kuɗin da ke tsakaninsu ya isa mutum ya sayi fili. Mi ka gani?"

Na ce ya bari sai mun haɗu, don ba tambayar da ake amsawa a waya ba ce. Na riƙe irin ta 2015 shekara huɗu, a wurin aikina kuma akwai ta 2018 da nake yawan ɗauka zuwa Kano da Kaduna. Abin da ke nan shi ne abin da na faɗa masa a kan tabarma bayan isha'i. Camry ce a gabanmu shi ya sa na tsaya a kanta, amma duk mai auna Corolla 2015 da ta 2017, ko Accord 2015 da ta 2018, kan wannan gaɓar yake. A waɗannan shekarun ne Toyota da Honda suka mayar da radar da kyamarar gaba kayan kowane samfurin waɗannan motoci a kasuwar Amurka, inda akasarin motocin da muke kira 'yan Kwatano suke fitowa. Toyota ta sa wa nata suna Safety Sense, Honda kuma Honda Sensing. Wadda aka ƙera don kasuwar Dubai ba lallai ta zo da su ba, ko da shekararsu ɗaya.

Na fara masa da abin da dilan bai ambata ba, saboda ba a ganinsa, kuma motocin biyu duk suna da shi.

Na farko ABS, mai hana tayoyi ƙamewa idan ka danne birki da ƙarfi. Tayar da ta ƙame ba ta jin sitiyari, jan ƙasa kawai take kamar buhu. ABS yana kamawa yana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda, don ka iya kauce wa abin da ke gabanka alhali ƙafarka na kan birki. Ba sabon abu ba ne, tun 1978 Mercedes da Bosch suka fito da shi. Na biyu shi ne wanda Toyota ke kira VSC, Honda ta ce VSA, wasu su ce ESP, duk abu ɗaya ne. Akwai sansa da ke lura da inda ka juya sitiyari, wata kuma tana lura da inda motar ta nufa a zahiri. Da zarar sun saɓa, wato mota ta fara wurga gindi ko ta ƙi shan kwana, sai kwamfuta ta kama birkin taya ɗaya tak, ta rage wa inji ƙarfi, ta dawo da motar kan hanyarta. Babu direban da zai iya wannan komai gwanintarsa, domin birki ɗaya ne a ƙarƙashin ƙafarsa, na tayoyi huɗu gaba ɗaya.

In ka cire bel, ban san abin da ya kai wannan ceton rai a cikin mota ba. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa yana rage haɗarin mutuwa a hatsarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi. Shi ya sa Amurka ta wajabta shi daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Camry da Corolla na Amurka tun daga 2010 suke zuwa da shi kowacce. To ka tuna yadda hatsarinmu yake faruwa. Taya ta sauka daga bakin kwalta inda ruwa ya cinye gefen titi, direba ya firgita ya fizgo sitiyari, mota ta yi ta ƙundunbala. Akuya ta faɗo, an kauce mata, an kasa dawowa. Tayar baya ta fashe ana tsakiyar gudu. Duk wannan fagen VSC ne, ba na radar ba. Na ce wa ƙanena, tazarar da ke tsakanin 406 ɗinka da ta 2015 ta fi wadda ke tsakanin ta 2015 da ta 2018 nisa ƙwarai. Duk wadda ka saya a cikinsu, babban tsallen ka riga ka yi shi.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan, kuma sai na faɗe shi. Sau da yawa fitilar ABS tana kunnuwa saboda sansar taya ɗaya ta mutu ko wayarta ta tsinke, sai wani bakanike ya ce, "Alhaji, a cire shi kawai a maida ta nomal, ai ABS ba na hanyarmu ba ne." Kada ka yarda. Famfon nan na ABS shi ne hannun da VSC ke kama birki da shi, shi ne kuma hannun da birkin gaggawa na ta 2018 ke aiki da shi. Ka cire shi, ka kashe su duka uku a rana ɗaya. Gaskiya ne a kan yashi ko tsakuwa ABS kan ƙara wa tsayawa ɗan nisa, amma sitiyari yana hannunka. Karkarwar da kake ji a ƙafa in ka danne shi kuwa ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan. Ci gaba da dannawa.

Sai abin da ya raba su. Ta 2018 tana da ido biyu: radar a bayan tambarin Toyota na gaba, da kyamara a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Radar yana auna nisa da gudun abin da ke gabanka, kyamara tana tantance siffarsa. Da su take yin ayyuka huɗu, kuma darajarsu a wajenmu ba ɗaya ba ce ko kusa.

Wanda ya fi kowanne shi ne birkin gaggawa, kuma na ga ranarsa. Wata safiya ina bin wata Sharon ta haya kafin mu shiga Kankia, gudunmu bai fi saba'in ba. Wani ya ɗaga mata hannu a bakin hanya, direban ya tsaya cak a kan kwalta, kuma fitilar birkinsa ba ta kamawa. Ni kuma a daidai lokacin idona na kan madubi, ina duba wata tifa da ta matso ni. Ƙara na ji mai kaifi, jan rubutu ya cika allon da ke tsakanin agogo. Na kai ƙafa birki, sai na ji motar ta kama fiye da yadda na taka, har jakar da ke kujerar baya ta faɗo ƙasa. Mun tsaya, tsakanina da bambar Sharon bai kai taku biyu ba. Ba zan ce ita kaɗai ta tsayar da kanta ba, amma ta ba ni daƙiƙa guda da ba ni da ita, ta kuma cika mini ƙarfin da ƙafata ba ta kai ba. Binciken IIHS ya nuna irin wannan na'ura tana rage karon da ake yi wa mota ta baya da kusan rabi. Duk wanda ya san yadda motocin haya ke tsayawa a Charanchi ranar kasuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai dila zai ce maka "tana gani", ba zai gaya maka abin da ba ta gani ba. Littafin motar da kansa ya lissafo su, kuma in ka karanta sai ka ɗauka titin babbar kasuwar Katsina ake siffantawa. Mai yiwuwa ba za ta gane mutumin da tsawonsa bai kai kamar mita ɗaya ba, wato ƙaramin yaro. Mai yiwuwa ba za ta gane wanda ke sanye da tufa mai yalwa da ta ɓoye siffar jikinsa ba. Su rigar ruwa da dogon siket suka ba da misali, mu kuwa babbar riga da hijabi har ƙasa su ne suturarmu ta kullum. Haka mai ɗauke da babban kaya, da mai tura wani abu a gabansa, da mutanen da suka cunkushe wuri ɗaya. Ka sa yarinya mai talla da faranti a ka, ka sa ɗan garuwa da kurarsa. Babur ma ba ya cikin abin da aka yi alkawarin za ta gane a wannan zubin. Sai a zubi na uku na Safety Sense, wanda ya fara fitowa wajen 2022, Toyota ta ƙara mai babur. Shanu da jakai da raƙuman da ke tsallaka hanyar Daura da magariba kuwa ba a gina ta don su ba sam.

Da dare abin ya fi rauni. A 2022 IIHS ta bayyana cewa birkin da ke gane mai tafiya a ƙasa ya rage kaɗe mutane da kashi 27 cikin 100 gaba ɗaya, amma a hanya mai duhu marar fitilu ba a ga wani bambanci ba tsakanin mota mai shi da marar shi. Mu kuwa da ka bar gari, duhu ne har gari na gaba. Sannan akwai iyakar ƙarfinsa. Lokacin da Toyota ta gabatar da wannan tsari ta ce yana iya rage gudu da kimanin kilomita 40 a awa idan mota ce a gaba, 30 idan mutum ne. Yi lissafi: kana kan 120, ga tirela ta lalace a kan titi an jera mata ganye a baya, ko da na'urar ta yi duk abin da za ta iya, da 80 za ka same ta.

A nan na tsaya na yi masa wata magana da ba ta cikin tambayarsa. Agogon motar Amurka da mil yake ƙirga a manyan lambobi, kilomita na ciki da ƙanana. Wanda ya saba da 406 in ya ga allura kan 80 sai ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali yana kusa da kilomita 130. Iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa motar gida ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, duk da kilomita. Tamanin ɗin nan a agogon mil, 50 ce.

Aiki na biyu, gargaɗin fita daga layi, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Sai ta ga farin fenti a kan kwalta take aiki, kuma sai gudu ya haura kamar 50. Inda aka sabunta titi aka ja layi tana yi da kyau. Inda fenti ya goge ko yashi ya rufe shi, makauniya ce. Inda kuma kake kauce wa ramuka ba tare da sigina ba, za ta yi ta ƙara har ka gaji ka kashe ta. Kada ka ƙara ko sisi saboda wannan.

Na uku shi ne kurus mai radar: ka sa mata gudun da kake so, in ta tarar da mota a gaba ta rage da kanta, in hanya ta buɗe ta koma. A tagwayen hanya mai tsawo yana hutar da ƙafa, kuma yana hana gudu hauhawa ba ka sani ba, wanda shi ne ciwon doguwar tafiya. A hanya mai falle ɗaya, inda kowane minti sai an sha gabanka ko kai ka wuce wani, amfaninsa kaɗan ne. A ƙananan samfuran 2018 ma yana sakin aiki idan gudu ya sauka ƙasa da kamar 40, sai a manyan irin XLE da XSE yake bin mota har ta tsaya. Abin da nake jin tsoro a kansa shi ne barci. Mutum ya ci tuwon rana, esi na busawa, ƙafa ba ta aikin komai, sai ido ya fara nauyi. Babu motar da ke tuƙa kanta a cikin waɗannan. A ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, daga mataki na 0 zuwa na 5, ko Autopilot na Tesla da ake ta zuzutawa yana mataki na 2 ne, wato direba ne ke da alhakin komai a kowane lokaci.

Na huɗu, tana sauke doguwar fitila da kanta in ta hango fitilar wani. Ina son wannan, domin kashe wa juna ido da dare ya zama mana ɗabi'a. Sai dai babur mai raunin fitila kan iya wuce mata, don haka hannunka ya zauna kusa.

Akwai kuma abin da mutane ke zaton yana cikin kunshin alhali ba ya ciki: 'yar fitilar da ke kamawa a madubin gefe idan mota ta shiga inda ba ka gani. Wannan ba shekara ke kawo shi ba, samfuri ne. Kana iya samun 2015 XLE mai shi, ka samu 2018 LE marar shi. Duba jikin madubin, in akwai za ka ga ɗan zanen motoci biyu. Yana taimako wajen canza layi, IIHS ta ce yana rage irin wannan karon da kashi 14 cikin 100. Amma shi ma littafin ya ce ba a tsara shi don ƙananan babura da kekuna ba, su kuwa 'yan acaba su ne ke ɓullo maka ta dama a Ƙofar Ƙwaya. Waiwaye bai faɗi ba.

Kyamarar baya duk biyun suna da ita, kuma ita ce abin da nake roƙon kowane mai mota ya samu, ko 406 ce, ko Golf. Amurka ta wajabta ta daga Mayun 2018, kuma dokar ta samo asali ne daga rasuwar wani yaro ɗan shekara biyu da mahaifinsa ya taka yana ribas a ƙofar gidansu a 2002. Ka dubi lungunanmu da safe: yara na wasan ƙasa a gindin mota, wani na rarrafe ya biyo babansa har waje ba wanda ya lura. Madubi ba ya nuna abin da ke ƙasan but. Wannan na'ura ba ta buƙatar fenti a titi, ba ta buƙatar saiti mai wuya, kowane mai gyaran wayar mota zai ɗaura maka ita, kuɗinta kuma bai kai na taya ɗaya ba. Hannu kawai take so, ka goge mata ƙura.

Da muka zo kan allon da ke tsakiyar dashbod sai na ga idon ƙanena ya ƙara haske, don shi ne abin da ya fara burge shi. Na ce masa yawancin abin da ke cikin allon motar Amurka gawa ne a nan. Taswirar da ke ciki ta Amurka ce, ba ta san Mashi ba. Maɓallin neman agaji da ke saman kai ba wanda zai amsa shi a Najeriya. Rediyon tauraron ɗan'adam ba ya kamawa. Ko FM ɗin ma, rediyon Amurka yana tsallake lambobi ne bibbiyu a kan mara, don haka tashar da lambarta ta ƙare da cika ba za ta zauna daidai ba. Abin da ke da amfani na gaske shi ne haɗa waya: Bluetooth don amsa kira ba tare da ka riƙe ta ba, wanda duk biyun suna da shi, da kuma Android Auto ko Apple CarPlay masu ɗora taswirar wayarka a allo. A nan Toyota ta makara. Camry ba ta fito da CarPlay daga masana'anta ba sai 2019, Android Auto sai 2020, alhali Accord tana da su tun 2016 a manyan samfura, Hyundai Sonata kuma tun 2015 ta fara da Android Auto. Ke nan ta wannan fuskar 2015 da 2018 kusan kunnen doki suke.

Shi ya sa ake cire na asali a sa babban allon Android na kasuwa. Ba na hana kowa, amma a sani: in ba a sa masa mahaɗin da ya dace ba, maɓallan sitiyari kan daina aiki, wani lokaci har kyamarar asali. Mai arha yakan daskare in rana ta buga shi. Babbar illarsa kuwa ita ce yana kunna bidiyo ana tafiya, abin da na asali ke hanawa. Mota a kan kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kallon allo na daƙiƙa uku, ka yi mita tamanin da wani abu ido rufe. Turawan da suka kawo yayin allon ma sun fara ja da baya: hukumar gwajin motoci ta Euro NCAP ta ce daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta bar wa sigina, da hon, da waifa, da fitilar haɗari maɓallan da hannu ke lalubawa. Abin riƙe waya mai kyau a kusa da sitiyari ya biya wa malamin makaranta buƙata.

To, ga inda maganar take da nauyi, inda kuma na fi daɗewa da shi. Na'urar da ke aiki da wadda ke nan kawai a jiki ba ɗaya ba ne.

Kowa ya san da yawa daga motocin da ake kawo mana daga wuraren gwanjon inshora na Amurka suke, irin su Copart da IAA, wato waɗanda suka yi hatsari aka ga gyaransu a can bai da riba. Ina mota ta fi buguwa? Gaba. Ina radar yake? Gaba, a daidai hanci. Mai gyaran jiki zai miƙe ƙarfe, ya sa bamba, ya fesa fenti har ka ga fuskarka a ciki. Amma radar yana zaune ne a kan wani ɗan ƙarfe da ake saita shi da ma'auni. In ya karkace da digiri ɗaya kacal, a nisan mita 100 ya kauce da kusan mita ɗaya da kashi uku cikin huɗu, rabin layi ke nan. Sai ya riƙa kallon motar da ke tahowa ta ɗaya hannun, ko ya rasa wadda ke gabanka. Tambarin gaban ma ba ado ba ne. Na asali sumul yake kamar an rufe shi da gilashi, don radar ya ratsa. In an maye shi da na kasuwa mai tudu da kwari, an rufe wa motar ido. Haka wanda ya ɗaura ƙarfen kariya a gaba, ko ya manna sitika a kan tambarin, ko ya sa baƙar leda a saman gilashi ta rufe kyamara.

Gilashin gaba ma haka. A ta 2015, tsakuwa ta fasa shi, ka je a canza, ka biya, ka tafi. A ta 2018, bayan an canza sai an sake saita kyamara, da allon saiti na musamman, a daɓe mai daidai, da kwamfutar da ta san motar. Kafin ka biya kuɗin mota, ka nemo wanda zai yi maka wannan aikin ka ji farashinsa, ko da sai an kai ta Kano ko Abuja. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanayinmu ma yana da nasa. Littafin ya ce ƙura ko laka a kan tambari da gilashi kan dakatar da tsarin, kuma kyamara kan daina aiki na ɗan lokaci idan mota ta daɗe a rana ta yi zafi, sai esi ya sanyaya wurin. Ka tuna hazon hunturu, ka tuna ranar Afrilu a Daura da zafi ke haura digiri 40. Wannan ba lalacewa ba ce, tana dawowa. Amma yana nufin wata rana za ka tashi mota ba ta tare da kai, kuma dole tuƙinka ya zama na wanda bai dogara da ita ba.

Yadda ake gane gaskiyar mota ba shi da wuya. Ka kunna ta ba tare da ka tayar da inji ba, ka zuba wa dashbod ido. Dole fitilar ABS, da ta mota mai zamewa, da ta iyabag, da ta PCS, wato ta birkin gaggawa, a ta 2018, su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ta ko an rufe ta ne don a ɓoye ciwo. In kuma sai da ka tayar da inji duk suka mutu tare, a daidai lokacin da fitilar bakin mai ta mutu, a yi zargin an haɗa su waya ɗaya. Ka ɗauki lambar shasi, mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka sa ta a intanet; sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga inda aka buge ta da idonka. Da lambar nan kuma shafin hukumar NHTSA ta Amurka zai nuna maka ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kawo ba a kai ba. Camry 2018 da 2019 suna cikin waɗanda aka kira a 2020 saboda famfon mai. Ka zo da mai kwamfuta naka, ba na dila ba. Sannan ka fita da ita titi, ka kunna kurus a bayan wata mota, ka ga ko hoton motar gaban zai bayyana a allo kuma ta rage gudu.

Sauran bambancin a taƙaice yake. Ta 2018 ta fi ƙarfi, doki 203 a kan 178, kuma ta fi tsimin mai: a gwajin hukumar Amurka kamar kilomita 13 da rabi a lita, ta 2015 kuma kusan 12. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan ba abin rainawa ba ne ga mai zuwa Daura duk mako. Amma giyarta takwas ce maimakon shida, bakin man da aka rubuta mata 0W-16 ne wanda ba kowane shago ke da shi ba, kuma ta ɗan fi kusa da ƙasa, abin da za ka ji a kan tudun rage gudu da lungu mai yashi. Injin ta 2015 kuwa bakanikenmu sun san shi ciki da bai, kayansa kuma suna ko'ina.

Hukuncina shi ne wannan. Mai yawan doguwar tafiya, Kano, Kaduna, Abuja, wanda ya samu 2018 da gabanta bai taɓa buguwa ba, kuma bayan ya biya zai rage masa abin kula da ita, ya saya. Birkin gaggawan nan shi kaɗai ya isa dalili, kuma ba abu ne da ake ɗaura wa mota daga baya ba. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, tsakanin acaba da Keke Napep da masu tura kura, ribarsa daga radar kaɗan ce, domin yawancin abin da ke gabansa yana cikin jerin waɗanda ba ta yi alkawarin gani ba. Ya nemi mai kyamarar baya da lafiyayyen ABS ya huta. Wanda kuma kuɗinsa zai kai 2018 ne kawai idan mai bugaggen gaba ce, ya koma 2015 mai lafiya ba tare da jin ya rasa komai ba. Zai biya kuɗin ido ne a ba shi makauniya, ga kuma shakkar ko iyabag ɗin da suka fashe an mayar da na gaske.

Ranar Asabar muka je wajen dilan tare. Tun daga nesa na ga tambarin ta 2018 yana ƙyalli, mai tudu da kwari. Muka kunna, fitilar PCS ba ta ko ƙyafta ba. Ƙanena ya sa lambar shasi a wayarsa, sai ga ta a wani fili a Amurka, gabanta a murƙushe har lagireto, farar jaka na rataye a sitiyari. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ɗaga kai ya kalli motar da ke sheƙi a gabansa, bai ce komai ba. Ta 2015 a ƙofar baya aka taɓa ta, fitilunta duk suka kama suka mutu bi da bi, kwamfuta ba ta nuna komai ba sai sansar iskar taya biyu da batirinsu ya ƙare.

Ita ya ɗauka. Daga abin da ya rage ya sayi sabbin tayoyi huɗu, muka duba lambobi huɗun nan na jikinsu masu nuna mako da shekarar ƙira, ya canza sansar biyu don fitilar iska ta koma faɗar gaskiya. Wajen mai faci na ga ya buɗe ƙofar direba yana nuna masa takardar da ke manne a jikin ginshiƙi.

"Malam, talatin da biyar aka rubuta. Kada ka wuce."

Mai facin ya ce ai kowa hamsin yake sa wa irin wannan. Ƙanena ya tsuguna kusa da shi, ya karɓi gejin ya duba da kansa, taya bayan taya.